Kafin ka riƙe sitiyari a Kanada, ga abin da ba ka tambaya ba

Ƙanena, saƙonka ya iso ta hannun yayarka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Kebek, kana tambaya ko permin da ka yi a Maraɗi zai yi maka aiki a nan, don kana so ka sayi ƴar mota ka riƙa kai wa mutane abinci gida bayan darasi. Irin wannan tambaya ba ta yanke mini, kuma kowa a kan permi yake tsayawa. Ɗalibin waje yana iya tuƙi a Kebek da permin ƙasarsa muddin yana karatu kuma permin bai mutu ba. Sauran bayani hukumar SAAQ mai kula da permi za ta yi maka in ka iso.

Ni maganar tuƙi cikin maye nake so ka ji. Na san abin da za ka ce: "Haba Yaya, ni ban taɓa sha ba." Na yarda. Amma yaran da na bi sawunsu zuwa wajen ƴan sanda a garin nan, duk haka suka zo, da sallarsu da tarbiyyarsu. Sanyi ya kama mutum, kaɗaici ya dame shi, ƴan ajinsu su ja shi shagalin gama jarrabawa, giyar kuma ga ta nan a kantin da yake sayen madara da burodi. Babu kawu a bakin titi da zai gan shi ya kai labari gida. Haramcinta malamanka na allo sun riga ni faɗa maka. Dokar ƙasar nan ce ba su sani ba.

A nan ba tarar bakin hanya ba ce da za ka biya a ba ka rasit ka wuce. Yana cikin kundin manyan laifuka na ƙasa. Iyakar ita ce miligiram 80 na barasa a cikin mililita 100 na jini, amma a Kebek wanda bai kai shekara 22 ba, da mai permin koyo, da direban tasi ko bas, ko ɗigo ba a yarda a samu a jikinsu ba. Tun 18 ga Disamba 2018, ɗan sandan da ya tsayar da kai bisa ƙa'ida yana iya miƙo maka na'urar hurawa ko da bai ji warin komai ba. Kada ka ce za ka yi gardama ko magiya, balle ka sa hannu a aljihu. Ƙin hurawa laifi ne mai zaman kansa, tararsa ba ta yin ƙasa da dalar Kanada 2,000.

In ka haura iyaka, nan take za a dakatar da perminka kwana 90, tun alƙali bai gan ka ba. In kotu ta same ka da laifi, karon farko tara ce daga dala 1,000 zuwa sama, wato jikka 400 da wani abu a kuɗinmu, da hana tuƙi aƙalla shekara 1. Karo na biyu kurkuku ne aƙalla kwana 30, na uku kwana 120. Bayan haka ga kuɗin lauya, ga na'urar da za a iya ɗaura wa motarka wadda sai ka hura kafin ta tashi, kai za ka biya hayarta, ga asurans da zai ninka maka. In ka kashe rai kuwa, hukuncin yana iya kai wa ɗaurin rai da rai.

Duk wannan ɗan ƙasa ma yana sha, ya biya, ya ci gaba da rayuwarsa a gidansu. Ni da kai ba haka ba ne. A waccan dokar ta 2018 an ɗaga mafi tsananin hukuncin laifin zuwa shekara 10, dokar shige da fice kuma ta ce duk baƙon da aka samu da laifin da hukuncinsa ke iya kai wa shekara 10, ya shiga sahun waɗanda ba a yarda su zauna a ƙasar ba. Ka lura da kyau: ba abin da alƙali ya yanke maka ake dubawa ba, abin da doka ta ba shi ikon yankewa ake dubawa. Ko tarar dala 1,000 kawai ka biya, ba ka kwana a kurkuku ba, ba ka buge kowa ba, hukumar kan iyaka tana iya buɗe maka fayil na kora. Mai takardar zama na dindindin ma bai tsira ba, sai dai shi yana da ƙofar ɗaukaka ƙara in ɗaurinsa bai kai wata 6 ba. Ɗalibi ba shi da wannan ƙofar. Neman a rufe laifin a kaziyenka, wato takardar da ke nuna laifukan da kotu ta taɓa samun ka da su, kuwa sai bayan shekara 5 aƙalla da gama hukunci.

Akwai wani yaro ɗan wajenmu, ba zan faɗi unguwarsu ba. Ya gama karatu, ya samu aiki, ya shigar da takardun zama. Wani dare cikin tsananin sanyi ya sha a gidan abokinsa, ya fito, ya ga bai kamata ya tuƙa ba. Sai ya shiga motarsa a inda take ajiye, ya tayar da inji don ya ji ɗumi, barci ya kwashe shi a kujerar direba. Ƙwanƙwasa gilashi ya tashe shi, fitilar ɗan sanda a fuskarsa. Motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Amma doka tana ɗaukar wanda ke zaune a kujerar direba a matsayin mai tuƙi, sai in ya iya tabbatar da cewa ba don ya ja motar ya zauna ba. Bai iya gamsar da kotu ba.

Mun yi karo-karo muka ɗauki lauya. Na bar aikina na zauna a bayansa a kotu, na ga yadda hannunsa ke rawa yana riƙe da hular sanyi. Da aka mayar da shi gida, na rufa masa asiri, na ce wa mutanensa matsalar takardu ce. Ka san sakamakon da na samu? Mahaifiyarsa ta riƙa faɗi a gidajen biki cewa ni na ƙi riƙe mata ɗa, wai baƙin ciki nake kada ya fi ni. Har yau ban buɗe baki na kare kaina ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa ba na ɓoye wa na baya komai.

Kada kuma ka ɗauka giya kaɗai ake nufi. Tiramol ɗin da wasu ƴan kabu-kabu ke haɗiya don su jure aiki, in ya taɓa hankalinka kana tuƙi, laifin ɗaya ne, ko da likita ne ya rubuta maka. Wiwi an halatta sayar da ita a nan tun Oktoban 2018, yara suna ganin shagonta su ɗauka an saki komai. Ba a saki tuƙi da ita ba.

Ni babbar mota nake ja, cikin ƙanƙara da duhun asuba. An tsayar da ni, na hura, na wuce da kaina a sama. Da wannan permin mai tsabta na gina gida a unguwar Zariya, na kai tsohuwa Makka, kuma ba na jin kunyar yin alfahari da shi.

Za a iya neman kaziyenka na Nijar lokacin cike takardu. In akwai wani abu a ciki, faɗa mini yanzu, kada ka ɓoye a fom, don in aka gano ƙarya hana ka shiga za a yi na shekara 5. In Allah ya kawo ka, zan je filin jirgi in ɗauko ka, za ka sauka a wajena har ka samu ɗaki. Mota kam ka bari sai ka ga lokacin sanyi guda da idonka, metro da bas sun ishe ka. Tawa kuma ba na ba da aronta, ko ga wa, don haka kada ka ji haushi ranar da ka tambaya na hana.