Amsa ga Hajiya: ganin ɗanki da ya dushe bayan mura

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce mura mai zazzaɓi ta sake shi sati biyu da suka wuce, yanzu idonsa na dama yana gani dishi-dishi, kuma yana ciwo in ya juya shi.

Da ido ne ya yi ja da kwantsa, sai in ce apolo ce. Amma wannan ya fi kama da kumburin jijiyar gani. Wani lokaci garkuwar jiki, bayan ta gama yaƙi da ƙwayar cutar, sai ta juya ta taɓa jijiyar. Ki rufe masa idon hagu, ki nuna masa jan ƙyalle. In jan ya koɗe masa, alama ce.

Yawanci gani na dawowa cikin makonni, amma likitan ido ne kaɗai zai leƙa cikin idon ya tantance. Ku je babban asibiti gobe. Don Allah kada a ɗiga masa maganin ƴan talla, ko tozali.

In kuwa ya fara ganin abu biyu-biyu, ko ƙafafunsa suka rasa ƙarfi, kasalar tana hawowa sama, kada ku jira gari ya waye, don tana iya kaiwa ga numfashi.