Sunaye sun fito, kuɗi sun zama shara

Ka ce ka jawo fayil daga babbar kwamfutar IBM zuwa laftof ɗinka, sunayen ma'aikata sun fito tsaf, amma gurbin albashi duk wasu alamomi ne marasa kan gado, wai ko injin ne ya tsufa. Injin lafiyarsa ƙalau, yaro. Kai ne ka bar FTP, manhajar jawo fayil, ya fassara maka fayil ɗin a matsayin rubutu.

Injin IBM da tsarin haruffa na EBCDIC yake rubutu, laftof ɗinka da na ASCII. Fassarar tana gyara sunaye, amma kuɗin da COBOL, yaren shirin injin, ya ajiye a tsarin matse lambobi na COMP-3 ba haruffa ba ne: lamba biyu yake cusawa a bayit ɗaya, wato wurin harafi ɗaya, rabin bayit na ƙarshe kuma alama ce, C ƙari, D ragi. Da ka fassara, ka ɓata. Jawo shi ɗanye a bainari, wato ba fassara, ka warware shi gurbi-gurbi da kwafibuk, bayanin da ke nuna tsarin kowane gurbi a fayil ɗin.

Ku yaran yanzu, duk abin da bai buɗe a Excel ba sai ku ce ya lalace. Irinku ne ya ja mini asara.

Wani kamfani ne a Kakuri, lokacin da masaƙu ke ta rufewa. Suka ce in kwashe musu lissafin haƙƙin sallamar ma'aikata zuwa sabon tsari. Na yi, jimilla ta zo daidai har kwabo. Manajan kuɗinsu, kullum carbi a hannu, ya karɓa ya yi godiya, ya ce in dawo ƙarshen wata. Ashe ɗan ƙanwarsa ya ba aikin, wani mai sabon digiri, shi kuma don ya nuna ya iya sai ya ajiye nawa ya sake jawo fayil ɗin da kansa. Bai san V ɗin da ke cikin S9(7)V99, bayanin gurbin kuɗi a kwafibuk, ɗigon kwabo ba ne, wanda injin ba ya ajiyewa. Masinja mai naira 4,500 ya wayi gari da 450,000! Ma'aikata suka cika bakin get, ƙungiya ta tayar da ƙura. Manajan ya dubi tsabar idona a gaban shugabanni ya ce aikina ne. Shaidar me zan kawo? Yarda ce tsakaninmu, ba takarda. Cikon kuɗina har yau yana hannunsa, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure a Unguwar Rimi shi ke fara miƙo hannu. Allah ya isa.

Don haka kafin ka taɓa komai, a buga maka adadin layuka da jimillar kuɗi daga injin kansa, mai aikin ya sa hannu. Gobe ka zo da kwafibuk ɗin da ke kan injin, ba wanda aka turo maka a WhatsApp ba, ka kuma ja layi a duk inda ka ga REDEFINES, kalmar da ke sake fasalta gurbi, mu duba wane gurbi ne ke da fuska biyu.