Mijina zai iya shiga ɗakin haihuwa?

Tambaya: Anti dan Allah cikina wata takwas, haihuwar fari ce, wallahi tsoro nake ji, zan iya cewa mijina ko mamata su zauna da ni?

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mai naƙuda ta samu wanda ta zaɓa a gefenta, yana riƙe mata hannu yana shafa mata baya, amma ki tambaya tun wajen awo don wasu asibitocin mata da yawa ne a ɗaki ɗaya. Jariri na faɗowa ki ce a kwantar miki shi a ƙirji, ɗumin jikinki yake buƙata, ki ba shi nono cikin awa 1 na farko. 'Yan barka kuma su wanke hannu kafin su ɗauke shi.