Alhaji, kafin ka tura ko sisi ka tambayi shekarun da suka rage

Assalamu alaikum. Alhaji, tun bayan Isha'i na ga tambayarka na kasa wucewa. Ka ce an nuna maka gida biyu a Ingila saboda yaranka masu karatu: ɗaya a bene cikin gari, mai sauƙin kuɗi, amma na lis ne, wato hayar dogon wa'adi, da saura shekara 84, ɗayan a bayan gari, da tsada, amma mallakar dindindin ce har da ƙasar. Wallahi kamar labarina kake bayarwa.

A 2015 na sayi irin na farkon a Manchasta, saura shekara 82. Wanda ya haɗa cinikin ɗan garin nan ne da ke zaune can, yaron da ya ci tuwo a zaurenmu, yana kirana Yaya. Na tambaye shi mene ne lis. Ya ce, "Yaya, ai kamar satifiket ɗin gwamna ne na shekara 99, wa ka taɓa gani an kora?" Maganar ta shige ni, don mu nan tun dokar ƙasa ta 1978 mun saba ƙasa tana hannun gwamna, mutum kuma ya zauna a gidansa har jikoki. Sai na sayar da fulotina biyu na hanyar Jibiya, na haɗa da jarin yadi, na tura.

Ashe ba haka ba ne. Can mai ƙasar da gidana yake kai ba gwamnati ba ce, kamfani ne mai neman riba. Abin da ka saya shekaru ne, kowace shekara kuma ɗaya na fita, darajar gidan na binta. Iyakar da ba a so a tsallake ita ce 80. A dokar da ta same ni, da zarar ya gaza 80, in za ka ƙara wa'adi sai ka ba mai ƙasa rabin darajar da ƙarin zai jawo wa gidan, ban da asalin kuɗin. A lokacin kuma sai ka shekara biyu da saye kafin ka sami ikon neman ƙarin shekara 90. Ka lissafa da kanka: 82 a cire biyu. Ƙofar ta buɗe mini ta rufe kusan lokaci guda, ina Katsina ina auna shadda. Shi ɗan garin namu ya sani. Yana zaune a can fiye da shekara goma, ya sani, ya karɓi la'adarsa ya yi gum.

Ba wannan ne ma ya fi ci mini rai ba. Da ɗana da ke zaune a gidan ya gama karatu ya dawo, wasiƙu suka riƙa zuwa gidan suna taruwa a bayan ƙofa: kuɗin ƙasa da ake biyan mai ƙasa duk shekara, kuɗin hidimar gini, sannan kasona na gyaran rufin bene, wanda ba ni na zaɓi ɗan kwangilar ba. Na bar wa wannan bawan Allah mabuɗi, kullum na kira sai ya ce komai lafiya. Cikin azumin 2022, muna zaune a tabarma ana jiran kiran salla, ga kunu ga ƙosai a gabana, lauya ya kira. Ya ce bashi ya taru, kuma a dokarsu in ya haura fam 350 mai ƙasa na iya zuwa kotu ya nemi ƙwace gidan gaba ɗaya. Aka kira salla, dabino yana hannuna ban kai baki ba. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, an sha ruwa fa." Na dube ta na rasa ta inda zan fara, domin har da kuɗin sarƙarta a cikin gidan nan. Daren nan ban je asham ba. Na kira wanda na bar wa mabuɗin sau goma sha ɗaya, bai ɗauka ba. Da ya zo gida hutun salla muka haɗu a masallacin Juma'a, ya miƙo mini hannu biyu yana murmushi. Na karɓa saboda wurin da muke, amma har yau zuciyata ba ta huce ba, Allah Ya gani.

Na biya bashin, na sa gidan a kasuwa da saura 75. Masu saye biyu suka janye, bankunansu sun ƙi ba da rance a kan gajeren wa'adi. Na sayar da asara.

Don haka ni dai in kuɗinka sun kai, ɗauki na bayan garin. Yaran su hau jirgin ƙasa, ba abin da zai same su. In kuma dole sai na bene, to kusan duk irinsu a Ingila na lis ne, sai ka nemi mai shekara 125 zuwa sama, akwai har 999. Wannan mai 84, ka sa sharaɗi mai sayarwa ya ƙara wa'adi kafin ka biya. An yi dokar gyara tsarin lis a 2024, amma a hankali ake aiwatar da sassanta, lauya ya faɗa maka wanda ya fara aiki. Lauyan kuma naka, kai ka nemo shi, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. Ya karanta maka kuɗin ƙasa, don akwai takardun da aka rubuta yana ninkuwa duk shekara goma. Sabbin lis daga Yunin 2022 an hana wannan kuɗin, tsofaffi suna nan. Ya tambayi kayan da aka lulluɓe bangon benen da su. Tun gobarar benen Girenfel na Landan ta 2017 gidaje da yawa suka ƙi sayuwa saboda lulluɓin bango mai cin wuta.

Na ga wani ya ce maka ka koma Dubai. Can baƙo na iya mallakar dindindin, amma a unguwannin da aka ware kaɗai, kuma kuɗin hidima na shekara yana nan. A ƙasar Gana kuwa lis ɗin baƙo ba ya wuce shekara 50.

Sai maganar gado, wadda ba ka tambaya ba. Gidan da ke Ingila dokar Ingila ce ke raba shi in babu wasiyya, ba alƙalinmu ba, ga haraji kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000. Ka rubuta wasiyya a can tun da ranka.

Kuma don Allah ka sa adireshin da wasiƙa za ta iske ka kai da kanka, kada ka bar wa kowa. In sun ba ka kwafin takardar lis ɗin, ka turo mini ta waya ko ka biyo shago bayan La'asar, mu duba tare kafin ka kai wa lauya.