Miyar da babu mai, da maganar surukanki

Ɗiyata, an karanta mini saƙonki bayan la'asar, na sa aka maimaita. Kin ce likita ya hana maigidanki yawan maiƙo saboda ƙiba da hawan jini, kin kuma gani a waya wai girki ba mai ya fi lafiya, shi ne kike tambaya ko abin kunya ne ki kai wa surukanki miya babu mai a kai. Na yi murmushi, amma raina bai kwanta ba, don yaron nan ko arba'in bai kai ba. Allah ya ba shi lafiya.

Kin tuna mini da 1975, ina amarya a Argungu. Fari ya riga ya gasa mutane shekara biyu kafin nan, sai kuma ciwo ya faɗa wa gyaɗa a daminar, ganye ya ƙanƙance ya murɗe, aka tona ba a samu abin kirki ba. Masu ƙuli suka kife tukwane. Man gyaɗa ya yi tsadar da sai wane da wane. Ana cikin haka, da hunturu, baffannin mijina uku suka sauka daga Birnin Kebbi, ranar kuma girkina ne. Na ɗaga kwalba na girgiza, ko ɗigo babu. Na zaga bayan rumbu na zauna ina hawaye, ina ganin yau za a ce an auro wadda ba ta iya miya ba.

A nan Inna, uwar mijina, ta same ni, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta aiki yaro bakin gulbi ya sayo tarwaɗa huɗu manya, ta ce in wanke su da toka har yauƙin ya fita. Ta sa na daka daddawa da citta da masoro da barkono, na yanka albasa, muka zuba a ruwa ya yi ta tafasa har ƙamshi ya tsallaka katanga. Sannan ta jera kifin a ciki, ta janye itace, ta bar garwashi kawai. Ina ta son in juya, tana riƙe mini hannu. Ta ce, "Komai da nasa maiƙon, in kin yi masa haƙuri zai fito." Da muka buɗe, ga mai nan ido-ido a saman romon, na jikin kifin ne. Muka kaɗa busasshiyar kuɓewa, na tuƙa tuwon shinkafa. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, to ranar miya ta ƙare, akushi ya dawo a suɗe, babbansu ya aiko a sa mini albarka.

Ita Inna kullum cewa take daddawa ce uwar miya, mai kwalliya ne. Haka muka tashi. Fura da rana, dambu a turara, hoce a gasa, kifi a yi banda, zogale da rama a kwaɗa da ƙuli. Man shanu ɗan kaɗan ake ɗigawa a kan tuwo. Suya kuwa sai salla ko suna. Ga surfe, ga daka, ga niƙa, ga ɗebo ruwa, abin da muka ci yana fita ta zufa.

Ku yanzu ba ku fara girki sai kun kwarara ludayi guda an soya albasa. Taliya mai, wake mai, shinkafa sai ta yi ninƙaya, ga man da aka soya kifi jiya a mayar da shi wuta yau da gobe har ya yi baƙi. Wata malamar asibiti a unguwarmu ta ce mini babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama ƙiba, to ki ƙirga cokali nawa ke cikin ludayinki, ga shi mutum daga mota sai kujera. Abin yana damuna ƙwarai, mu ma da laifinmu, da muka ga wadata ba mu tsaya mun koya muku na da ba.

Amma kada ki ɗauke mai ƙaf daga gidan. Ita malamar ta ce bitamin A da ke cikin zogale da karas ba ya shiga jiki sosai sai da ɗan maiƙo, yaranki kuma suna tasowa, suna buƙata. Shi kuma maigida, ki lura da gishiri da dunƙulen nan da kuke jefawa huɗu biyar, don a hawan jini ɓarnarsu ba ƙarama ba ce. Maganinsa kuma kada ya bari don an canza miya.

Maganar surukai, ba ki faɗa mini wa zai zo ba. In uwarsa ce, ki ja ta gefe ki gaya mata abin da likita ya ce, ɗanta ne. In baffanninsa ne, ki kira ni tukuna mu yi magana. Ranar kasuwa zan sa a nemo miki daddawar kalwa mai kyau da garin kuka, in ba direba ya kawo miki.