Amsar Gwaggo kan ragowar tuwo

'Yata, saƙonki ya iso tun ranar Laraba. Na yi murmushi da farkonsa, ƙarshensa kuma ya tayar min da hankali. Kin tambaya me ya sa a gidanmu ake hana yaro suɗe kwano, ake cewa a bar ragowa, ko camfi ne kawai. Sai can ƙasa kika ce kin daina cin abincin rana don ki rage ƙiba, amma dare na yi sai ki cinye na mutum biyu. Wannan shi ya hana ni barci.

Shekarar farin 1973 ina da shekara 11, muna ƙauye arewa da Daura. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ke riƙe da mudu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma. Sauran yini sai tsararon kunu da kwaɗon tafasa. Da daminar gaba ta yi albarka, gero ya nuna, aka karyo tumu na farko. Har yau ina jin ƙamshinsa a bakin murhu. Muna murzawa a tafin hannu, mu hure, mu watsa a baki da zafinsa. Cikina ya yi tam kamar ganga, amma hannuna ya ƙi tsayawa, har na ɓoye zangarniya biyu ƙarƙashin tabarma. Tsakar dare ciki ya murɗa, sai amai. Kaka ta zauna tana shafa min baya, ko faɗa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Cikinki ya ƙoshi tun ɗazu, zuciyarki ce ba ta manta bara ba." Na fi wata shida ina ɓoye abinci alhali gida cike yake da hatsi.

Sai da na shiga aikin jinya na gane abin da take kira zuciya, shi likitoci ke cewa ƙwaƙwalwa. A ƙasanta akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba, shi ke lissafin yunwa da ƙoshi. A 1994 masu bincike a Amurka suka gano wani sinadari, leptin, wanda kitsen jiki ke aikawa can. In kitse ya ragu, shi ma ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga: ta ƙara miki yunwa, ta rage abin da jiki ke ƙonawa. Ita ba ta san rigar biki kike so ta shige ki ba. To ke da ke hana kanki abinci tun safe, farin kike kai mata kullum.

Mu kuwa kwano ɗaya muke zagayewa. Yaro ba ya riga babba sa hannu, ba ya kai wa nama cafka, loma ɗaya sai ka haɗiye kafin ka yanko wata. Labarin ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma wannan jiran shi ke ba shi lokaci. Babana in ya tsame hannu yakan tuna mana hadisin nan na raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Kaka kuma ta ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ku yanzu kowa ya ɗauki farantinsa ya shige ɗaki, ido na kan waya, ga lemon kwalba a gefe, ba ku ma san sa'ad da kuka cinye ba. Ban cire kaina ba, ni ma na bar yarana suna ci gaban talabijin, kuma ina nadama.

Ragowa kuwa, Kaka rabon baƙon da bai iso ba take kiranta. In bai zo ba, almajiri ya samu, ko ta kwana ta zama ɗumame. Ki koma cin abincinki na rana tun gobe, ki bar shayin nan na rage ƙiba da ake tallatawa. Ki zo Juma'a, zan tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, mu ci kwano ɗaya. Ki gaida min babanki.