Birkin baya ya cije, bakanike ya ce a kashe shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 3 da nake jigila da ita tsakanin Daura da Katsina. Na ajiye ta kusan wata guda cikin damina. Da na tashe ta sai na ji tana nauyi kamar ana riƙe ta, kafin in kai Mashi tayar baya ta dama ta ɗauki zafi tana ƙauri. Wani bakanike a bakin hanya ya ce in bari ya kashe birkin baya gaba ɗaya, wai na gaba ya wadatar. Hankalina bai kwanta ba, don iyalan mutane nake ɗauka. Me ke damun motar, kuma in yarda da shawararsa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yarda, kuma kada ka sake ɗaukar fasinja sai an gyara.

Tunda taya ɗaya ce ke zafi, kuma motar ta yi zaman damina, na fi zargin wayar hambirki. Ruwa na shiga cikin rigarta, tsatsa ta kama, ka saki hambirki a ciki amma can baya shu, wato ƙarfen mai fata da ke kama birki, yana manne da dirom, kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Ga yadda za a gane. A sa dutse a tayoyin gaba, a ɗaga bayan da jak, a juya tayar da hannu. In ta ƙi, a sassauta ɗan notin da ake fitar da iska ta wurinsa a bayan dirom. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, man birki ne ke zuwa ba ya komawa, wato tiyon roba ya ruɓe daga ciki ko da wajensa lafiya lau yake. Idan duka tayoyin ne ke riƙewa, a duba masta, wato babbar silindar da ke tura man birki in an taka birki. In kuwa an sassauta notin bai canza komai ba, a cire wayar hambirki. Ta saki, wayar ce. Ba ta saki ba, a buɗe dirom, za a tarar sifirin ya karye, ko fatar shu ta ɓalle ta maƙale, ko ƙaramar silindar da ke tura shu ta yi tsatsa. A girgiza tayar kuma, don boris ma yana kawo zafi, sai dai shi da gurnani yake zuwa. Dirom mai zafi kada a watsa masa ruwa, yana iya lanƙwasa ko ya tsage.

Yanzu maganar kashe birkin baya, wadda ita ta fi ci mini rai. Kullum sai an kawo mini mota na leƙa ƙasa na ga an cusa ƙusa a bakin fayif, ko an murƙushe shi da filaya an naɗe. Mai motar ya biya kuɗi ya tafi yana murna taya ta saki. Hujjarsu ita ce birkin gaba ke yin mafi yawan aiki. Haka ne, a mota fayau. To kai motarka fayau take tafiya? Mutum huɗu a baya, but cike da buhunan gero da wake har murfi ba ya rufuwa. Nauyi na komawa baya, aikin birkin baya na ƙaruwa. Shi ya sa a irin Golf ɗinka marar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi) ake samun wani ɗan bawul kusa da gatarin baya, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi. Wanda ya ƙera motar ya san da wannan, shi mai ƙusa ya fi shi sani ne?

In aka bar wa na gaba aikin shi kaɗai, zafi yake tarawa. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan laima daga iska, in ya tsufa da wuri yake tafasa, balle a zafin Afrilu. Ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa. Ranar da shanu suka ratso titi ko ɗan acaɓa ya faɗo maka ba zato, tazarar da za ka tsaya a cikinta ta riga ta ƙaru. Ƙusar kuma tana cinye bakin fayif, mai ya riƙa zuba a hankali. Golf layin man birki biyu gare ta a gicciye, gaban hagu da bayan dama, gaban dama da bayan hagu, saboda haka in man layin ya tsiyaye har da birkin ɗaya daga tayoyin gaba ka rasa. Abin takaici ma, in wayar hambirki ce ta cije, toshe fayif ba ya sakin tayar ko kaɗan. Wallahi duk bakaniken da ya yi wa motar haya wannan aiki ya ci amanar mutanen da ba su san me aka yi a ƙarƙashinsu ba, kuma direban da ya sani ya yi shiru yana da nasa kason.

Gyaran ba wani tsada gare shi ba. A sa sabuwar waya, kada a jiƙa tsohuwar da baƙin mai a mayar. Shu da sifirin a canza su hagu da dama tare, don wanda ya ƙone ya gama aiki. A zubar da tsohon man birki a sa sabo daga rufaffen gwangwani, a fitar da iska, a riƙa maimaita haka duk shekara 2. In za ka sake ajiye ta da daɗewa, ka bar ta a giya da dutse a taya, kada ka ja hambirki.